Baƙi Daga Maiyama

Shekarun baya, kafin in buɗe ɗan shagon maganin feshi da nake zama a ciki yanzu, na taɓa yin wani aiki na wucin gadi wanda har yau in na tuna shi sai in kama kaina ina dariya ni kaɗai. A shekarar an yi damina mai nauyi a yankinmu. Ruwa ya yi ta zuba ba hutu, gidajen ƙasa suka sha suka ƙoshi, suka fara zama ɗaya bayan ɗaya. Sai wata ƙungiyar agaji ta zo da tallafin muhalli. Mai zaman haya a rage masa kuɗin haya, wanda gidansa ya rushe a ba shi kwano da katako, wani har da siminti. Sharaɗin guda ne: sai wanda samunsa bai taka kara ya karya ba.

Suka buɗe ofis a Jega, suka ɗauki matasa masu zagayawa su tantance. Ni lokacin na gama makaranta ina zaune, mahaifiyata ta gaji da ganina kwance a kan tabarma tun hantsi, don haka ranar da aka ɗauke ni ta fi ni murna.

Masu albashi ba su da wahala. Malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti zai kawo takardar albashinsa, a duba, a gama. Ni kuwa ogammu ya dube ni ya ce tunda ɗan gari ne ni, sai ya ba ni masu sana'ar kansu: manoman albasa, mahauta, 'yan kabu-kabu, masu shayi, teloli. Ya haɗa ni da wata tsohuwar malamar firamare da ta yi ritaya, muna ce mata Malama. Ita take shiga cikin gida wajen mata, ni in tsaya a zaure da maigida. Aka ba mu babur guda, ni ke tuƙi, ita tana baya tana yi mini faɗa a kan ramuka.

Tambayar da ta fi ba mu wuya ita ce wadda ta fi gajarta a takardar: nawa kake samu a wata? Mai shayi ya ce mini, na jiya nake so ko na shekaranjiya, don ba su yi kama ba. Tela ya ce in dawo ana gobe Sallah in gan shi attajiri, in dawo bayan Sallah in ba shi sadaka. Manomin albasa kuwa kuɗinsa sau ɗaya yake zuwa a shekara. A watan da ya sayar ya fi ogammu kuɗi, kafin damina ta raba kuma gishiri ma sai an aika maƙwabta. Duk wannan rayuwa an ce in cusa ta a cikin wani ɗan akwati a kan takarda wanda bai kai faɗin babban yatsana ba. Mafi yawansu ma amsa ɗaya suke ba ni, "Alhamdu lillahi," kuma babu wurin rubuta ta.

Ga shi labarinmu yana riga mu isa. Da an hango rigar ƙungiya mai tambari a bakin gari, sai a fara ɓoye-ɓoye. Wani mahauci a Jega ya rantse mini ya daɗe bai yi yanka ba, muna cikin magana mutum biyu suka zo karɓar balangun da suka bar masa sautu. A Gehuru kuwa mun shiga layi guda, gida bayan gida babu ko akuya. Sai a ƙarshen layin muka sami wata tsohuwa mai ɗaki ɗaya, tsakar gidanta cike da awaki da tumaki har babu wurin sa ƙafa. Duk na unguwar ne aka kai mata ajiya. In da takarda za a bi, ita ce attajirar garin.

Wannan ya sa na ƙirƙiro dabara. Na ninke rigar ƙungiya na sa a jaka, na koma sa kaftanina mai guga da hula. In mun isa gida ba na cewa tallafi, sai in ce an turo mu bincike, in fara tambaya kafin mutum ya shirya. Malama ta ce ita dai tun tana koyarwa ba ta taɓa shiga aji ba ta faɗi abin da ya kawo ta ba, kuma ba za ta fara da tsufa ba. Na ce mata aikin zamani sai da hikima. Ta ce to. Dabarar ta yi aiki a gida biyu ko uku, kaina ya kumbura, har na fara tunanin ya kamata a ce ni ne ogan.

Wata rana muka yi aikin safe a Maiyama, muka biyo ta Jega, bayan azahar muka nufi Danwarai a ƙasar Aliero. Mutum guda za mu gani, manomin albasa ne, yana kuma taɓa dillanci a kasuwar Aliero. Muka tsaya bakin masallaci na tambayi wani dattijo gidan. Ya dubi kaftanina, ya dubi Malama da babban mayafinta, ya ce daga ina muke.

Na ce, "Daga Maiyama muke, Baba. An turo mu mu ɗan yi bincike a kan gidan."

Fuskarsa ta washe. Ya yi mana maraba har sau uku, ya ce mu ɗan huta a gindin wata bishiya, shi zai je ya yi mana iso. Ya tafi da saurin da ban zaci ƙafafunsa suna da shi ba.

Muna zaune muka ga unguwa ta motsa. An miƙa darduma ta saman katanga. Wani ya wuce da kujerun roba a ka. Wani yana jan ƙaton rago, ragon yana turjewa. Can kuma wani ya gifta da gudu, babbar riga rataye a hannunsa. Na matsa kusa da Malama na ce ta gani ko, an fara ɓoye kaya. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ni dai shiga na ga kayan nan suna yi, ba fita ba." Ban ba maganar muhimmanci ba.

Da aka kira mu, zauren gidan tsaf, an yayyafa ruwa an share, an shimfiɗa darduma. Ragon yana ɗaure a bakin ƙofa inda duk mai shiga sai ya gan shi. Maigidan ya fito, dattijo ne gajere mai faɗin murya, cikin babbar riga wadda ta fi shi tsawo har yana tattare ta kamar mai tsallake ruwa. Maƙwabta uku suka zauna a gefensa. Aka kawo fura mai sanyi, aka kawo lemo. Malama ta yi sallama ta shige ciki, ni na zauna muka gaisa. Gaisuwa ta yi tsawo. Ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen Maiyama, ya tambayi manya, sannan ya ɗan sunkuyar da kai ya ce, "Ya ɗiyar tamu?" Ban san wace ɗiya ba, amma ban taɓa jin an tsayar da gaisuwa an nemi bayani ba. Na ce tana nan lafiya lau.

Na fara da sana'a. Ya gyara zama ya ce albasa, kuma duk motar da ta tashi daga Aliero ta yi kudu, in ba ta ɗauki kayansa ba to ta ɗauki na yaransa. Maƙwabtan suka gyaɗa kai tare. Na tambayi samu, ya yi murmushi ya ce shi ba ya ƙirga kuɗi, kuɗi ne suke ƙirga shi. Na ce mutum nawa yake ciyarwa, ya ce ko goma aka ƙaro masa gobe ba wanda zai kwana da yunwa.

Na ce, "Baba, an ce ruwa ya yi muku ɓarna."

Ya ce, "Wa ya hwaɗi haka? Ruwa ai rahama na. Ni na rushe ɗakunan da hannuna, ginin bulo za ni yi. Duk wanda ya shigo gidan ga, ɗana, daɗi ya shigo."

Sai ya ƙwala wa wani kira. Wani dogon saurayi ya shigo, ya durƙusa nesa da ni, kansa a ƙasa, ya gaishe ni kamar ni ne limamin gari, alhali da kyar in na girme shi. Uban ya ce wannan ne babban ɗansa, ba ya shan komai, ba ya yawon banza, sallar asuba a sahun gaba, kuma yana da gonar rani tasa ta kansa. Na yi mamakin abin da ya kawo wannan bayani, amma na ce ma sha Allah, na rubuta cewa akwai ɗa mai samu a gidan.

A raina ina ta yaba wa kaina. Ga mutumin da aka sa sunansa cikin mabukata, dabarata ta tona shi. Na rubuta da babban baƙi cewa bai cancanta ba. Da za mu tashi ya sa aka kawo zabbi biyu a ɗaure, na ce ƙa'ida ta hana mu karɓar komai. Nan take fuskarsa ta canza, ya tambaya ko akwai abin da ban gamsu da shi ba. Na ce na gamsu ƙwarai, magana ma ta riga ta ƙare daga wajena. Ya ɗaga hannu sama ya yi hamdala, maƙwabta suka bi ni da addu'a har bakin babur.

Malama ta fito ta hau babur. Sai da muka bar gari ta taɓa kafaɗata ta ce in tsaya. Ta sauka, ta zauna a kan wani kututture, ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka take yi. Da ta buɗe fuskar na ga dariya ce, amma idon ya yi ja.

Ta ce in karanta mata abin da na rubuta. Na karanta da alfahari. Sai ta faɗa mini abin da ta gani. Bayan wannan zaure babu gida. Ɗakuna biyu sun zube har ƙasa, madafa ta bi su. Rudu, wato rumbun karan da ya tara albasarsa a ciki yana jiran ta yi tsada ya faɗi, albasar ta ruɓe ta zama baƙin tsibi, warinta har maƙogwaro. Ɗaki ɗaya ya rage, rabin rufinsa tamfol ne, a ciki matarsa da 'ya'yansa mata da tsohuwar mahaifiyarsa suke kwana, tsohuwar tana ta tari. Shi da samarin a zauren nan suke kwana. Matar ce ta kai sunansa ta hannun ƙungiyar mata ba da saninsa ba, don ya rantse ba zai bi layin agaji ba yana da rai.

Na ce to me ya sa ya yi mini wannan ƙarya.

Ta ce, "Saurayin da ya durƙusa maka, aure yake nema a Maiyama. An aiko musu cewa cikin satin nan dangin yarinyar za su turo a binciki gidan. Sai ga saurayi da kaftani, ga tsohuwa da mayafi, sun ce daga Maiyama suke, an turo su bincike. Sana'a, samu, ɗakuna, mutum nawa ake ciyarwa. Kai da surukai tambayarku ɗaya ce."

Ita tun daga bakin ƙofa ta faɗi ko ita wace ce. Matar ta dafe kai, tana jiyo muryar mijinta daga zaure yana loda motoci zuwa kudu, ga maza cike, babu halin ta aika a ce ya yi shiru.

Na so mu juya nan take. Malama ta ce a'a, ba a kwance wa dattijo zani a gaban maƙwabtan da suka ara masa riga. Ta riga ta gaya wa matar cewa ofis zai sake turowa. Washegari na kai wa ogammu rahoto biyu a kan gida ɗaya, nawa na attajiri, na Malama na wanda ya rasa makwanci. Ya karanta, ya cire tabarau, ya tambaye ni ina rigar ƙungiya take a lokacin. Na ce tana cikin jaka. Ya ce daga yau ta koma jikina. Ya ce a sake tantancewa kafin a rufe sunaye a ƙarshen mako, amma sai mun gama da mutanen garin Sabiyal tukuna, don an riga an yi musu alkawari.

Ba mu kai ga komawa ba. Wata safiya na iso ofis na tarar da dattijon zaune a kan benci, cikin wata tsohuwar rigar gona, ɗansa a tsaye bayansa kamar an yi masa rasuwa. Malama ta kawo masa ruwa, ya sha, ya ba mu labari.

Bayan tafiyarmu matarsa ta gaya masa ko mu su wane ne. Ya yi faɗa, ya yi rantsuwa, sannan ya sauko, don yana jin tarin mahaifiyarsa daga inda yake zaune. Maƙwabta suka ba shi shawara, in mutanen tallafi sun dawo ya nuna musu komai, ya ma ɗan ƙara gishiri don ya goge ƙaryar farko. Ya mayar da darduma da kujeru da riga. Ragon aro ya koma gidansu, har tunkiyarsa guda ta halal ya kai ajiya. Bayan kwana biyu sai ga mutum biyu manya a kan babur, sun yi sallama, sun ce daga Maiyama suke. Ya ce a ransa, ofis ya turo manyan da kansu.

Bai bari sun gama gaisuwa ba. Ya ja su har cikin gida, ya nuna musu kango, ya kai su gaban ruɓaɓɓiyar albasa ya sa suka shaƙa. Ya ce sau ɗaya ake ɗora tukunya a gidan, wata rana ma ba a ɗorawa. Babban cikinsu ya tambayi sana'ar yaron, ya ce wace sana'a, ai zaune yake, shi ma nauyi ne. Daga nan ya dube su ya ce yana so ya san bandir nawa na kwano za su ba shi, ko da siminti a ciki, kuma don Allah kada su ja lokaci. Babban ya dubi ƙaramin, ya ce za su je su yi shawara. Ko ruwa ba su sha ba.

Da yamma saƙo ya shigo wayar saurayin daga yarinyar, tana tambaya me babansa ya gaya wa kawunta.

Dattijon ya dube ni, ba da fushi ba, da gajiya. Ya ce, "Kun taho na yi muku ƙaryar arziki, na rasa kwano. Sun taho na yi musu ƙaryar tsiya, na rasa suruka. To yanzu wace ƙarya ta rage in yi?"

Malama ta ce, "Babu, Malam. Sun ƙare. Saura gaskiya."

Ya ce ai ita ce mai wuyar.

Ogammu yana ciki yana jin komai. Ya rufe ƙofarsa na ɗan lokaci, muna jiyo wani sauti kamar mutum ya shaƙe da ruwa. Da ya fito, fuska a ɗaure, ya ce mu bi su yanzu mu yi aikin yadda ya kamata.

Wannan karon na sa rigata mai tambari, na faɗi sunana da abin da ya kawo ni tun daga bakin zaure, ko da yake duk Danwarai ta riga ta sani. Muka zauna a tsakar gida, matar tana daga bakin ƙofar ɗaki. Malama ta ce mu bar maganar wata, mu bi shekarar daga farko. Yaushe aka dasa, yaushe aka cire, me aka sayar nan take, me aka adana, me dillanci yake kawowa ranar kasuwa mai kyau da ranar da babu. Aiki ya so ya gagara, don bakin dattijon ya saba. In ya fara lissafin amfanin gona sai murya ta tashi, buhuna su fara haihuwa, sai matar ta yi gyaran murya daga bakin ƙofa. Sai ya tuna kwano, ya faɗo ƙasa gaba ɗaya har ya ce gonar ma ba gona ba ce, fili ne kawai, sai ta sake gyaran murya. Malama ta ajiye biro ta ce masa mutum biyu take ji suna magana, ita kuma takardar mutum ɗaya aka ba ta.

A hankali muka kai ga ainihin mutumin. Ba attajiri ba ne, ba kuma matsiyaci ba. A shekara mai kyau yana ciyar da gidansa har ya taimaki wani, kuma da a irin wannan shekarar muka zo da bai shiga ba. Bana ce ya zuba kusan duk abin da ya noma a rudu, ruwa ya cinye. Yaron yana noman rani, ranar kasuwa kuma yana lodin motoci a Aliero, da kuɗinsa ma ake cefane tun da abin ya faru. Da uban ya faɗi wannan da bakinsa, sai ya kau da kai ya daɗe yana kallon katanga. Sunansa ya shiga cikin masu samun kwano da katako. Siminti bai kai gare shi ba, ya ce ba komai, ƙasa ba ta ƙare a Danwarai ba.

Saura Maiyama. Ogammu ya ce wannan ba aikin ofis ba ne. Na ji daɗi, na koma gida na ba mahaifiyata labari ina dariya. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce yaron mutane zai rasa mata saboda kaftanina, kuma in ban je na gyara ba in nemi wani gidan da zan riƙa cin tuwo.

Ranar da ba aiki na je na ɗauko dattijon. Na same shi tsaye a zaure, babbar rigar aro a hannun dama, rigar gona a hannun hagu, ya rasa wadda zai sa. Matarsa ta aiko masa da wankakken kaftaninsa na zuwa Juma'a, mai ɗan faci a aljihu. Shi ya sa.

Kawun yarinyar tsohon direban babbar mota ne, yanzu yana sayar da hatsi, mutum mai kaurin gira wanda ba ya gaggawar magana. Ya karɓe mu a ƙofar gida tare da ƙaninsa, wanda suka je Danwarai tare. Gaisuwar a takaice aka yi ta. Na gabatar da kaina, na kwashe labari tun daga gindin bishiya har zuwa zabbi, ban rage wautata ba. Da na zo wurin ragon aro, ƙanin ya fara kallon ƙasa. Da na zo wurin bandir ɗin kwano, ya tashi ya zaga bayan gida, muna jiyo shi. Kawun dai bai motsa ba.

Ya ce shi rushewar gida ba ta dame shi ba, rabin katangun Maiyama a ƙasa suke. Abin da ya tsaya masa shi ne a ce yaro ba ya aikin komai, sannan tun ba a ba da yarinya ba uban miji yana yanka wa dangin amarya kwano da siminti. Ya ce ya yi tuƙi har ƙasashen waje, bai taɓa jin inda ake wannan al'ada ba. Sannan ya juyo gare ni.

"To kai da ka yi binciken, hwaɗa mini. Mai kuɗɗi na ko matalauci?"

Na ce abin da na rubuta amanar ofis ne, ba ni da ikon faɗa, amma ga mai gidan nan zaune.

Dattijon ya gyara zama. Da ya buɗe baki, muryar nan mai cika zaure ta koma ƙarama. Ya ce yana da gona, yana da hannu, yana da ɗa wanda ya fi shi kirki. Ruwa ya ci ɗaki biyu da albasar shekara. Rigar da ya sa wa baƙin farko ta aro ce, yunwar da ya nuna wa na biyu ita ma ta aro ce. Wannan kaftanin da ke jikinsa shi ne nasa. In an ba ɗansa, yarinya za ta ci abin da suka ci, kuma ba za a kai ta ɗakin da ke zuba ba.

Kawun ya shafa gemu. Ya ce mutumin da zai hau babur ya zo har ƙofar wani ya faɗi wannan, ana iya zama da shi. Ya ce a rufe ɗaki tukuna, in an rufe a turo manya. Sai a lokacin dariyar da ya danne ta ƙwace masa, ya yi ta har da tari, yana nuna dattijon yana cewa, "Har da siminti." Aka kawo fura, wannan karon kowa ya sha.

Da za mu tafi kawun ya ja ni gefe, ya rage murya, ya tambaye ni ko wannan tallafin an rufe ne, don shi ma katangarsa ta baya ta kwanta. Na ce an rufe, amma ko an sake buɗewa sai na zauna da shi na ji abin da hatsi yake kawo masa. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce a bar katangar, iska ma tana shigowa.

Kwano ya iso bayan ɗaukewar ruwa. Ɗakin farko da aka rufe na tsohuwa ne da mata, na biyu aka gyara wa amarya. Shi maigidan ya ci gaba da kwana a zaure har sai da albasar rani ta fito ya gina nasa da kuɗinsa. An ɗaura aure, mun je ni da Malama, ita aka shigar da ita ciki kamar uwar ango.

Aikin ya ƙare bayan wasu watanni, kowa ya kama gabansa. Abin da ya bar mini shi ne na daina saurin kiran mutum maƙaryaci. Mai sana'ar kansa ba shi da takardar da za ta yi magana a madadinsa, bakinsa ne kawai, kuma da bakin nan yake kare cikinsa, da shi yake kare mutuncinsa. In ka zo masa a rufe, dole ya yi ta lalube ya ga wanne daga ciki ka zo taɓawa. Yawancin waɗanda na zauna da su ba cuta suka nufa ba, tsoro suke ji, wani na a raina shi, wani na a tsallake shi.

Har yanzu in na kai kaya Aliero ranar kasuwa nakan biya rumfar dillalai in gaishe shi. Ya tsufa, amma muryar tana nan. Shi da kansa yake ba da labarin yanzu, sai dai ya ɗan gyara shi. A nasa, tun daga nesa ya gane mu, ya kuma gane kawun, duk gwada mu yake yi ya ga wa ke da hankali a cikinmu. In ya kai ƙarshe sai ya nuno ni da sanda ya ce ga shaida nan zaune, a tambaye ni. Mutane su juyo suna jira. Ni kuma in gyara hulata in ce, "Haka aka yi, Baba."